Kurege da Amyar Baba Cindo

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso kusa da murhu!

Ta zo mu ji ta, in da zaƙi mu lashe.

Wani tsoho ne ana ce masa Baba Cindo. Amya ɗaya tal gare shi, irin ta ciyawa da ake shafewa da kashin shanu, tana rataye a kan ɗorawar bayan gidansa. Ba don kasuwa yake kiwon zuma ba. Shi dai ya zauna a inuwa da hantsi, ƙudan zuman suna shige da fice, yana yi musu sannu kamar maƙwabta. Tun rasuwar matarsa, su kaɗai suka rage masa abokan hira.

Shekara ta zagayo, amya ta yi nauyi, gwiwar Baba ta ƙi hawa. Sai ga Kurege, wanda hancinsa ke jin zaƙi tun daga ƙetaren rafi.

Ya ce, "Baba, sannu da hutawa. Kai da ɗanka kamar ni, ka zauna kana kallon zuma daga ƙasa?"

Baba ya ce, "Ɗan nan, ɗibar zuma da ƙa'ida. Ka busa hayaƙi kaɗan. Ka yanki saƙar da ke bakin amya. Ta can ciki kuwa tasu ce, ita za su ci da 'ya'yansu har furanni su dawo."

Kurege ya ce, "Ta baki tamu, ta ciki tasu. Na riƙe, Baba."

Ya hau yana waƙa, ta baki tamu, ta ciki tasu. Ya busa hayaƙi, ya yanki ta baki, ya ɗanɗana. Wayyo! Waƙa ta tsaya. Ya ce, "Wannan ɗaya dai." Ya yanka. Ya ce, "Wannan ɗaya dai." Ya ƙara yanka. Wannan ɗaya dai, wannan ɗaya dai, har ya tarar da bangon amya. Ya sauko ciki kamar tulu, ya miƙa wa Baba ɗan guntu, ya ce wai bana zumar ba ta yi albarka ba.

Da gari ya waye, sai ga ƙudan duka a waje, sun dunƙule baƙi ƙirin a jikin reshe. Duk mai kiwon zuma ya san wannan: ƙaura za su yi. Baba ya dafa sanda ya tsaya a ƙarƙashinsu, yana cewa, "Ku ma tafiya za ku yi ku bar ni?" Hawaye na bin gemunsa.

Kurege yana laɓe yana gani. Kunya ce ta kama shi ko tunanin zumar baɗi, ni dai ban shiga cikinsa ba. Sai ya ji Sarauniyar zuma tana aiken 'yan leƙen gida: "Ku duba kogon kuka, ku duba kogon tsamiya."

Kurege ya zuba da gudu, ya riga su shiga kogon kuka. 'Yan aike suka yi sallama. Ya shaƙe murya ya ce, "Wane ne? Ni ce Kububuwa, jego nake yi, kuma raina a ɓace yake!" Suka ce, "Allah ya raya," suka juya.

Ya sake zubawa da gudu sai kogon tsamiya. Ya goge sauran zumar da ta daskare a gashin bakinsa a ƙofar kogon. Kafin 'yan aike su iso, kwarkwasa ta cika wurin maƙil, su kuwa ƙudan zuma ba sa haɗa gida da kwarkwasa.

Ya dawo wajen Baba yana haki, ya faɗi ƙasa. "Baba, ni na cinye. Dukan ka ajiye mini sai anjima, yanzu faɗa mini abin da suke so."

Baba ya dube shi ya ce, "Abinci, da ruwa, da gida mai ƙamshi."

Kurege ya share amya, ya turara ta da ganye mai ƙamshi. Ya zuba toka a gindin ɗorawa saboda tururuwa. Ya kawo kasko da ruwa, ya jefa tsinkaye a ciki don su sami wurin tsayawa kada su nutse. Ya dama garin ɗorawa har ya yi zaƙi, ya ajiye. Sau biyu hannunsa yana zuwa baki, Baba yana gyaran murya.

Sannan ya je gaban Sarauniya ya durƙusa. "Ranki ya daɗe, na ji kina neman gida. Ga wani nan babu kowa."

Ta ce, "A'a, mai jego ce? Yaya jariri? 'Yan aikena sun ce ba su taɓa ganin kububuwa mai gashi a wutsiya ba."

Kurege sai sosa kunne.

Ta ce, "Za mu koma, amma don tsohon nan, ba don kai ba. Ruwa da garin ɗorawa kullum safe har damina ta sauka, a kanka yake. Kuma alkawari sai da shaida." Wata 'yar ƙuda ta sauko ta ɗana masa shaida a kan hanci. Hanci ya tashi kamar gauta.

Ƙudan suka kwarara cikin amya, suna ta ƙugi. Baba ya share ido ya ce, "Sannunku da dawowa." Ya ɗauko ɗan guntun nan na jiya, ya raba biyu, ya miƙa wa Kurege rabi. Kurege ya karɓa, amma hanci ya toshe, baki ya kumbura, ko zaƙin bai ji ba.

Kurunkus kan ɗan kurege mai hancin gauta. Wanda duk aka aika ɗibar zuma, ya fara ƙoshi da tuwo tun daga gida. Ni da nake wurin, tsinken kasko kawai aka ba ni na lasa.