Gyaɗar da Agata ta ajiye wa babanta

Akwai wata mace a wani ƙauye, sunanta Filomina. Tana da 'ya'ya biyu, Agata mai shekara shida, da ƙanenta Barnaba mai shekara huɗu. Mijinta Dogara ya tafi haƙar ma'adini a wata ƙasa mai nisa bayan an gama shuka. Rami ya rufta da shi, abokan aikinsa suka binne shi a can. Abin da ya dawo gida labari ne da jakarsa.

Filomina ta dubi yaran nan, ta ƙudura ba za ta faɗa musu ba. Ta tura su gidan yayarta har aka gama karɓar gaisuwa, ta ɓoye jakar a rumbu, ta bi maƙwabta gida-gida tana roƙo kada kowa ya faɗa musu. Da suka dawo ta ce, "Babanku aiki ne ya riƙe shi. Yana nan zuwa."

Surukarta, uwar Dogara, wadda yaran ke kira Kaka, ta ce mata, "Uwar Agata, abin da kika rufe da faifai, kaza ma tana iya ture shi."

"Iya, ƙanana ne. Bari su ƙara wayo."

Tsohuwa ta ƙyale ta.

Ana nan watan Nuwamba ya kama, watan da Ikilisiya ta keɓe domin yi wa matattu addu'a. Gidan nan suna da al'adarsu tun zamanin uban Dogara. Kowace yamma kafin a ci tuwo, sai a kife turmi a tsakar gida, a ɗora gicciye da kyandir da 'yar ƙwarya. Kowa ya ɗauki sabuwar gyaɗa guda, ya kira sunan wani mamaci, ya jefa a ƙwaryar, sannan a roƙa masa hutawa ta har abada. Ƙarshen wata a kai gyaɗar coci baiko.

Ran farko Agata ta tambaya me ya sa ake kiran sunayen. Filomina ta ce, "Wanda ya mutu bai gama tsarkaka ba, kamar matafiyi ne da ya sauka a tasha da kayansa, yana jira 'yan gidansu su zo taryarsa. Addu'armu ita ce taryar. Wanda ba a kira sunansa ba, yana nan zaune, mutane na ta wucewa."

Barnaba ya ce tasa gyaɗar ta akuyar da ta mutu bara ce, sannan ya jefa ta a baki.

"Mama, kin ga wannan makwaɗaicin ya cinye addu'a!" in ji Agata. Har Kaka sai da ta yi dariya.

Haka suka yi ta yi. Filomina ta kira uwarta, ta kira ubanta, ta kira ungozomar da ta karɓi haihuwarta. Sunan da ya cika mata baki kuwa, kullum haɗiye shi take yi. Kaka takan jefa tata gyaɗar, leɓenta na motsi, ba a jin kome.

Agata kuma tana da nata aiki. Kowace yamma takan ɗauki gyaɗa biyu, ɗaya ta ƙwarya, ɗaya ta sa a wani gwangwanin madara. "Ta Baba ce," ta ce. "Yana son sabuwa." In ta ji ƙarar mota sai ta ruga bakin hanya, ta tsaya gindin ɗorawa har fasinja na ƙarshe ya sauka. Filomina na gani daga ƙofar gida, sai ta ce a ranta, gobe zan faɗa mata. Gobe ta yi ta haihuwar gobe.

Ran talatin ga wata aka aiki Agata niƙa. A wurin injin suka yi gardama da wata 'yar maƙwabta kan wadda ta riga zuwa. Agata ta ce, "Bari Babana ya dawo, sai na faɗa masa."

Yarinyar ta ce, "Wane Baban? Wanda ya mutu tun damina? Kowa ya sani sai ke."

Agata ta ɗauko garinta ta dawo gida. Sai da aka kife turmi, aka kunna kyandir, kowa ya durƙusa, sannan ta ɗaga kai.

"Mama, Baba ya mutu?"

Filomina ta dubi gicciyen, ta dubi kyandir ɗin. A wurin nan dai ƙaryar ta ƙi fita. Ta ce, "I, Agata. Ya mutu."

Ta buɗe hannu tana jiran kuka, amma yarinyar ba ta matso ba.

"Duk watan nan wa ya kira sunansa?"

Agata ta dubi uwarta ido cikin ido.

"Ke kika ce wanda ba a kira ba yana zaune a tasha. Kenan yana can yana jirana, ni kuma ina nan gindin ɗorawa ina jiransa?"

Kaka ta ce, "Ni na kira shi, 'yar nan, a zuci."

"Amma ni ban kira ba. Zai ce na manta da shi."

Ta tashi ta ɗauko gwangwaninta, ta durƙusa gaban ƙwarya. Ta fara jefawa ɗaya-ɗaya, kowace ta ce, "Baba." Har ashirin da tara. Tuwo ya huce, kyandir ya ci rabi, ba wanda ya iya tsayar da ita. Barnaba ya ja zanen uwarsa ya ce, "In ta zuba duka, me Baba zai ci?"

Washegari Filomina ta ɗauki kwando ta ce za ta kasuwa, yanzu za ta dawo. Agata ta riƙe bakin zanenta, ta juya wajen tsohuwa.

"Kaka, gaskiya ne?"

To, ga ma'anar misalin nan, ku iyaye mata, don da ku nake, ba da yaran ba. Filomina ba muguwa ba ce. Ita ce kowace uwa a cikinmu da ke kiran tsoronta tausayi. Ba zuciyar Agata ta tsare ba, tata ta tsare, don ba ta iya kallon hawayen 'yarta. Gwangwanin shi ne begen ƙarya da muke ba yara su riƙe. Ƙwaryar kuwa addu'ar Ikilisiya ce, kuma yaro yana da hakki a cikinta kamar babba.

Kada wata ta tashi daga nan tana cewa Allah ya bar Dogara a tasha saboda shirun matarsa. Jinƙan Allah ba ya jiran gyaɗarmu, ya ji motsin leɓen Kaka sarai. Asarar a cikin gida aka yi ta. An hana yarinya yamma ashirin da tara na yi wa ubanta abin da ya rage mata ta yi masa, aka kuma bar ta ta ji mutuwarsa a bakin injin niƙa. Ramin ƙarya ƙurarre ne, amma yaro ƙarami ne, yana iya nutsewa a ciki.

Ikilisiya ta ba ku wata guda cur don ku koya wa 'ya'yanku kuka a gaban Ubangiji. Yesu kansa ya yi kuka a kabarin abokinsa Li'azaru, bai ce ya yi tafiya ba. In akwai sunan da kuke haɗiyewa a gidanku, ku zaunar da yaron yau, ku sa masa gyaɗar a hannu, ku kira sunan tare. Zai yi kuka, ku ma ku yi. Hawaye na bushewa. Amma ran da ɗanki ya fara tambayar wani ko maganarki gaskiya ce, kin yi rashi na biyu, kuma wannan ba wanda zai zo miki gaisuwa.