Na'ura Ɗaya, Marasa Lafiya Biyu

An yi wani mutum a wani gari, shekarun baya, ana ce masa Likita Haladu. Aikinsa gyaran bugun zuciya. Ku saurara, jama'a: akwai zuciyar da ke gudu, akwai mai tsallake, akwai wadda takan tsaya cak, mai ita ya faɗi sumamme. Irin wannan sai an dasa mata 'yar na'ura a ƙirji, tana zaburar da ita.

To, na'ura ɗaya ta rage a asibitin, wata kuma sai bayan damina. Mabuƙata biyu: Tabawa, wata mai daddawa da ba ta da kowa, da Kawu Barau, wanda ya riƙe Haladu tun yana maraya.

Haladu ya maƙala wa kowannensu abin auna bugu, suka yini da shi. Na Tabawa ya nuna zuciya na tsayawa. Na Kawu, tafiya a hankali kawai.

Ya ce, "Kawu, don Allah, ka taɓa suma?"

Tsoho ya dubi Tabawa da ke kwance, ya ce, "Da sauƙi, ɗana. Jiri ne kawai."

Da jin Tabawa za a dasa wa, dangi suka taso. Yayar Haladu ta ce, "Haladu, naka sai naka! Bare za ka fifita a kan wanda ya goya ka?"

Ya ce, "Yaya, ba tawa ba ce. Amana ce, ta wanda ya fi kusa da kabari."

Ya dasa wa Tabawa.

Damina ba ta ƙare ba, Kawu ya faɗi a gona, bai tashi ba. A wajen zaman makoki Haladu ya miƙa hannu, ba wanda ya karɓa. Aka ce boko ya cinye masa imani. Mu dai akwai saurin yanke hukunci!

Da aka watse, matar mamacin ta kira shi tana kuka. "Haladu, kawunka ya sha suma a gona. Shi ya hana ni faɗa, wai kada ya sa ka tsaka mai wuya."

Ku saurara! Kalma ɗaya za ta wanke shi. Amma ya san in ya furta, kan wannan tsohuwa dangi za su koma, su ce ita ta kashe mijinta da shiru.

Ya ce, "Inna, maganar nan ta tsaya tsakaninmu."

Ya ci gaba da auna zukatan mutane, tasa a karye. Har ya koma ga Allah, 'yan'uwansa ba su sake taka gidansa ba.

Jama'a, amana ba ta san dangi ba, kuma ba kowane mai gaskiya ake wankewa a duniya ba. Kai da aka damƙa wa kujera, ko sito, ko rabon taki, wa kake fara ba wa? Kai kuma mai zagin ɗan'uwanka don ya ƙi yi maka alfarma, ka ji tsoron Allah. Wataƙila yana rufa wa wani asiri ne da mutuncinsa.