Manomin da Ya Sha Kunu a Bayan Rumbu

Akwai wani manomi mai yawan cika baki. In ya zauna cikin mutane sai ya bugi ƙirji ya ce, "Ni fa duk garin nan ba ni da abokin gaba. Ku tsaga cikina ku gani, fari fat kamar nono." Mutane su ce, "Haka ne," suna satar kallon juna. Gama kowa ya sani tun daminar bara bai yi magana da ƙanensa Irmiya ba, saboda awakin Irmiya sun cinye masa wake. Sau biyu Irmiya yana zuwa ba da haƙuri, shi kuwa da ya ji sallamarsa sai ya kwanta ya fara minshari.

To, mahaifinsu tsoho yana da wata al'ada. Kowace kaka 'ya'yansa biyun nan sukan kawo masa dami ɗaya ɗaya na sabon gero. A sussuke, a haɗa, a niƙa tare, a dama kunu a babbar ƙwarya guda. Tsohon yakan yi godiya ga Allah, ya miƙa wa mafi ƙanƙanta a gidan, ƙwarya ta yi ta hawa hannu da hannu, daga ƙarami zuwa babba. Ka ga ke nan dole manomin nan ya karɓa daga hannun Irmiya.

Ya ce a ransa, "In na ƙi zuwa, Baba zai ce na fita daga gidansa. In na je, sai na karɓa a hannun mai awaki." Sai ya yi dabara. Ya cusa ludayi a aljihun babbar rigarsa, ya riga kowa zuwa. Ya tarar an ajiye kunun a bayan rumbu don ya huce, mata sun tafi ɗauko tabarmi. Ya tsuguna ya sha ludayi biyar, ya ce, "Na sha rabona, ba hannun kowa."

Aka zauna, aka yi addu'a, ƙwarya ta zagayo. Irmiya ya sha, ya durƙusa, ya miƙa da hannu biyu ya ce, "Yaya, ga shi."

Manomin ya riƙe ciki ya ce, "Wuce da ita wurin Baba. Tun asuba cikina ke murɗawa, ko ruwa ban sa a baki ba."

Tsohon ya ce, "Ayya, sannu. Matso in gan ka." Ya ƙura masa ido ya ce, "Wannan ciwo naka sabo ne a garin nan. Har kunu yake fitarwa ta gemu?"

Manomin ya yi sauri zai goge gemu da bakin riga, sai ludayi ya faɗo, ƙwal, a tsakiyar tabarma. Gida ya ɗauki dariya. Matarsa ta ja mayafi ta rufe fuska.

Tsohon dai bai yi dariya ba. Ya ce, "Kunu akwai shi a gidan kowa, ba don shi na tara ku ba. Na tara ku ne ku sha daga hannun juna a gabana." Irmiya kuwa yana nan durƙushe, ƙwarya a hannu.

Ga ma'anar wannan misali, 'yan'uwa. Tsohon nan Ubangiji ne, ƙwaryar kuwa Jibin Ubangiji ce. Gurasar da muke gutsurawa da ƙoƙon da muke sha, tunawa ce da jikin Yesu da jininsa, wanda ya bayar domin ya sulhunta mu da Allah, ya kuma mai da mu iyali ɗaya. Gurasar ba ta cika ko cikin jariri, don haka ba yunwa ce ke kawo mu ba. Amma da yawa cikinmu muna son rabonmu wurin Yesu, ba ma son ɗan'uwan da Yesu ya zaunar kusa da mu. Wani har benci yake sakewa don kada su haɗa ido. Fasto ba zai gani ba, amma Mai teburin yana ganin gemun kowa.

Saboda haka kafin ka miƙa hannu ranar Lahadi, bincika zuciyarka. In akwai wanda sallamarsa ke sa ka minshari, tashi ka je ƙofarsa tun ranar Asabar. Ya daɗe a durƙushe, ƙwarya kuma da nauyi.