Dutsen da Ya Yi Ƙara a Waya

A unguwar Shamaki an yi wani magini mai suna Babayo. Hannunsa na da kyau, wannan ko wanda ba ya ƙaunarsa ba zai musa ba. Aibinsa ɗaya ne, bakinsa ba ya iya furta "ban gama ba". Ka tambaye shi aikin da ko farawa bai yi ba, sai ya washe baki ya ce an gama, ya koma daga baya yana kiciniyar cika maganar. Ba mugu ba ne. Dariyar mutane ce ba ya iya ɗauka, ya gwammace ya yi ƙarya da a ce ya gaza. Har samarin unguwa suka laƙaba masa An-Gama, shi kuwa ya ɗauka yabo ne.

Babban amininsa shi ne Abba Gana, Babarbare daga Bama, wanda rikici ya koro zuwa Gombe ya kafa rumfar huluna da turare a kasuwa. Babayo Bafillace ne, don haka wasan Fulani da Barebari bai taɓa barin bakinsu ba. Ba sa kiran juna da suna. Wannan ya ce "bawana", wancan ya ce "bawana", kowa na rantsuwa kakansa ne ya sayi kakan ɗan'uwansa.

Abba Gana yana da tsohuwa, mahaifiyarsa Ya Falmata, wadda suke kira Ya. Ranar da suka gudo, rufin ɗakinta ne ya rufto da wuta a bayanta, kuma tun daga ranar ba ta sake yarda ta kwanta a cikin ɗaki ba. A tsakar gida take shimfiɗa tabarma. In ruwa ya sauko sai ta zauna a bakin ƙofa, ƙafafunta a waje. Ƙarar janareta ko fashewar tayar keke ta isa ta sa ta zabura tana laluben mayafi. Ta rame, idanunta sun faɗa, ɗanta ya rasa yadda zai yi da ita.

Wata rana ya kai ta gonarsa da ke jikin tudu, can bayan gari ta wajen Liji. Ta hau da ƙyar, ta zauna a inuwar wata tsamiya, ta dubi Gombe shimfiɗe a ƙasa.

"Nan ana ganin mai zuwa tun daga nesa," in ji ta. Ba a jima ba barci ya kwashe ta.

Da yamma Abba Gana ya sami Babayo, ba dariya a fuskarsa. "Bawana, ɗaki nake so a kan tudun nan. Ƙarami, ita da ƙanwata Rauda. Amma ta ce ba za ta shiga ba sai in a kan dutse ya zauna."

Babayo ya bugi ƙirji. "Ya tsohuwata ce ni ma. Ka kawo kaya kawai, aikin hannu kyauta ne. Ka ɗauka an gama."

Aka fara ana tsakiyar bazara. Tifa ba ta iya hawa, sai ta juye yashi da tsakuwa a gindin tudu a riƙa ɗauka a kwano. Ruwa ma a jarka ake hawa da shi. Babayo ya kafa turaku, ya ja igiya, ya fitar da kusurwa huɗu, aka shiga haƙar tushe. Ginin gangare yana da ƙa'ida ɗaya da kowane magini ya sani: ba a tsayawa sai diga ta sauka a kan dutsen da ke ƙarƙashin tudun, ta yi ƙara. Ɓangaren sama bai ba da wahala ba, tun ramin bai wuce gwiwa ba aka iske dutse. Kusurwar gangare ce ta ƙi. Jar ƙasa ce mai laushi da ruwa ya yi shekaru yana tarawa a wurin. Babayo ya haƙa har ƙugu, babu komai.

Ranar wata Alhamis leburori suka tashi da wuri, suka bar shi shi kaɗai a cikin ramin, gumi har cikin ido. Gobe ne masu kwaɓa siminti za su zo. A ƙasan ramin akwai wani dutse kamar girman turmi, kwance a cikin ƙasa. Ya riga ya taka shi, ya ji ya motsa. Ya san ba shi ake nema ba.

Sai wayarsa ta yi ƙara. Abba Gana ne, kuma da jin hayaniya ya buɗe muryar wayar a rumfa.

"Bawana, ka kai dutse, ko hannun tatsar nono ya gaji? Na ce musu Bafillace da diga sai a hoto."

Aka kwashe da dariya a can. Dariyar ta shiga kunnen Babayo ta sauka har ƙirjinsa.

"An gama tun ɗazu," ya ce. "Buɗe kunnenka, ɗan tsagar fuska."

Ya ajiye wayar a bakin rami, ya ɗaga diga ya sauke a kan dutsen nan. Ƙwang! 'Yan rumfa suka yi shewa.

"Tsaya, tsaya," in ji Abba Gana. "Ga Ya nan, ta zo kasuwa. Sake bugawa ta ji."

Da wasa Babayo ya fara, bai yi zaton za ta shigo ciki ba. Amma ya sake bugawa. Sai muryar tsohuwar ta fito a hankali.

"Na ji. Alhamdu lillahi. Allah Ya yi maka albarka, ɗana."

Ya ce wa kansa da sassafe zai zo ya ƙarasa haƙar kafin kowa ya iso. Da sassafen kuwa Abba Gana ya riga shi zuwa, da kunu da ƙosai, yana ba masu kwaɓa labarin yadda dutse ya yi ƙara har kasuwa. Babayo ya tsaya a bakin ramin. Kalma uku ce kawai za ta fid da shi: "ban gama ba". Ya ce a zuba kankare.

Daga nan gini ya tashi, kuma gaskiya ya yi kyau. Ya jera duwatsun tudun a ƙasa har zuwa gwiwa, ya ɗora bulo a kai. Ya fitar da taga babba ta fuskar gari don tsohuwa ta riƙa hango hanya. Aka ɗaura rodi aka zuba linta a saman ƙofa da taga, kafinta ya jera katako ya buga kwano, Babayo ya yi filasta ciki da waje ya daɓe ƙasa sumul. Duk inda ido ke kaiwa ya ninka ƙoƙari, kamar kyawun sama zai biya abin da ke ƙasa. Sai dai bai taɓa yarda ya ci abinci a inuwar kusurwar nan ba, kuma in lebura ya jingina da ita sai ya daka masa tsawa ba dalili.

Ya Falmata ta tare kafin ruwan farko. Ta tsaya a bakin ƙofa ta daɗe, ta dubi Babayo, ta ce, "A kan dutse ne, ko?"

"A kan dutse ne, Ya."

Ta yi bisimilla ta shiga. Washegari Rauda ta kira yayanta tana kuka, ta ce tsohuwa ta yi barci a ɗakin har sai da ta tashe ta sallar asuba. Cikin 'yan makonni kumatun tsohuwa suka ciko. Ta koma haɗa turaren wuta, ta sa aka kawo mata awaki, har barcin rana ta koya. Duk wanda ya hau gaishe ta sai ta ba shi labarin ɗanta Bafillace da ya haƙa har dutse. In Babayo ya je, da hannunta take zuba masa abinci, ta bi shi da addu'a har ya sauka. Ba abin da ke ƙona shi kamar addu'ar nan. Da zagi ne da ya fi masa sauƙi. In hadari ya haɗu ta gabas, ko a kan wane gini yake, sai ya ajiye cokalin gini ya tsaya yana kallon tudun.

Da damina ta kankama, Rauda ta nuna masa wata tsaga siririya kamar zare, ta taso daga ƙasan kusurwar gangare. Ya san ma'anarta sarai. A ranar ya yi niyyar faɗa, har ya shirya maganar a ransa: su sauka gari, a tone, a gyara. Ya shiga ɗakin ya tarar da tsohuwa ta miƙe ƙafa a kan gado tana gyangyaɗi, iska na shigowa ta taga. Ya fito.

"Filasta ce take shan iska," ya ce wa Rauda. "Ba komai."

Ya kwaɓa ɗan siminti ya shafe tsagar, ya goge da soso har ba a gane wurin.

A watan Agusta aka yi wani ruwa da ya fara tun hantsi bai tsagaita ba. Bayan azahar Rauda ta fita ɗaure awaki, Ya Falmata kuwa tana barcinta na rana. Ƙasar da ke ƙarƙashin kusurwar ta jiƙe ta zame. Bango ya bi ta, katakon rufi ya faɗo a kan ƙugun tsohuwa. Manoman da ke kusa ne suka ciro ta, suka sauko da ita a kan ƙyauren ɗakin.

Babayo ya garzaya asibiti. Ƙashin ƙugun tsohuwa ya karye. Da ta gan shi sai ta miƙo hannu ta kama nasa.

"Kada ka sa wa ranka damuwa, ɗana. Ka kai dutse, da kunnena na ji. Abin da ya fi ƙarfin dutse ai ya fi ƙarfinka."

Babayo ya fita baranda ya haɗa kai da bango.

Da ƙasa ta ɗan sha iska, Abba Gana ya ce wa Babayo ya raka shi su kwaso kayan da suka rage. Suka hau. Inda kusurwar take ya zama rami, kuma duk zurfinsa ba abin da ake gani sai jar ƙasa. Can ƙasa kaɗan, dutsen nan ne kwance a cikin ciyawa, guntun kankare manne a gefensa, ga tabon diga guda biyu fari fat a kansa. Abba Gana ya sauka ya tsaya a kansa. Ya sa ƙafa ya tura, dutsen ya motsa. Ya ɗauki guntun rodi ya buga. Ƙarar ita ce dai.

Babayo ya jira zagi, ya jira mari, ya jira ko da "bawana" ɗaya ce mai zafi.

"Malam Babayo," in ji Abba Gana, "mu sauka, la'asar ta yi."

Tunda suka san juna bai taɓa kiransa haka ba. Babayo ya durƙushe a cikin taɓo. "Ni na guji dariyar, ni na yi ƙaryar. Bari in je in faɗa mata da bakina."

"A'a. Ta rasa ɗaki, kada ta rasa ɗa. Ka riƙe abinka."

Da rani Babayo ya koma tudun shi kaɗai. Ya haƙa kusurwar har ramin ya shanye tsayinsa kafin diga ta sami dutsen gaske, kuma bai kira kowa ya ji ba. Ya sake tayar da ɗakin tun daga tushe. Yana nan tsaye har yau, damina ba ta yi masa komai. Amma Ya Falmata ba ta sake hawa ba. Da sanda take tafiya, ta koma tabarmarta a tsakar gidan Shamaki. Ta ce in ɗakin da ke kan dutse ma zai iya faɗuwa, to ba ɗakin da za ta sake shiga.

Har yanzu in Babayo ya je gaishe ta, tana sa masa albarka. In ya bi ta rumfar Abba Gana, shi kuma sai ya miƙe tsaye, ya ba shi hannu biyu, ya tambayi iyali cikin ladabi, kamar yadda ake yi wa baƙo. Samarin unguwa sun lura An-Gama ya daina amsa sunan, ba su dai san dalili ba.

Darasin da ke cikin wannan labari shi ne, kada kunyar faɗin "ban gama ba" ta sa ka ce an gama. Dariyar da Babayo ya guda ba za ta wuce yini ɗaya ba, amma ƙaryar da ya binne a tushe ta karya tsohuwar da ta amince masa, ta raba ta da barci, ta kashe wasan da ke tsakaninsa da amininsa. Wanda aka ba amanar aikin da ido ba ya gani, ya tuna akwai mai kwanciya a kansa. Kuma in ka yi kuskure, ka faɗa tun ana iya gyarawa, domin akwai lokacin da za ka so faɗa a ce maka ka riƙe abinka.