Daɓen Ɗakin Tabawa

Ga ta nan, ga ta nanku, 'yan jikokina.

Ta zo mu ji ta, Kaka.

Wata Laraba da hantsi, gab da faɗuwar damina, mata suka taru gidan Gwaggo Ige don daɓe. Sabon ɗaki ta gina wa Tabawa, 'yar ƙanenta, wadda ta baro gidan mijinta Jatau da tabo a goshi. Da can Tabawa ce mai ba da waƙa a unguwa. Jatau ya yi ta dukanta, yana cewa muryarta ta fi ta jaki muni, har ta yarda. Ta daina waƙa. Ɗakin ma cewa ta yi bai dace da irinta ba, a bar ta a madafa.

Kun san daɓe ba ya yiwuwa sai da waƙa. Waƙa ce ke haɗa hannuwa, madaɓai su sauka tare. In babu ita, ƙasa ta tsage.

Gizo ya ji ƙanshin tuwon gayya, ya ce shi zai ba da waƙa. Ya yi ta da gaggawa don a kai ga ci. Daɓe ya tsage.

Kwaɗo ya karɓa. Ya yi ta ja, har mata suka soma gyangyaɗi. Daɓe ya tsage.

Gwaggo ta ce Tabawa ta gwada. Tabawa ta sunkuyar da kai, ta ci gaba da yayyafa ruwan makuba, wanda ke sa daɓe ƙarfi. Ga hadari ya taso daga gabas.

Kurciya tana kan katanga. Ta ce, "Baiwar Allah, wa ya ce miki muryarki ba daɗi?"

Ta ce, "Jatau."

"Ya taɓa riƙe madaɓi?"

"Maza ba sa daɓe."

Kurciya ta ce, "To, mai dukan ƙasa don ta yi kyau na sani. Mai dukan mutum fa, me ya taɓa gyarawa?"

Gizo ya ce a yi waƙa ko a yi tuwo, shi duk ɗaya ne.

Tabawa ta ajiye ruwan makuba. Sannan ta buɗe baki. Muryar ta fito ƙasa-ƙasa, sai da kowa ya kasa kunne. Mata suka amsa a hankali. Madaɓai suka sauka tare. Ta ƙara ɗagawa, suka ƙara amsawa. Kafin ruwa ya sauko, daɓe ya kwanta sumul. Ta ɗauko tabarmarta daga madafa da kanta.

Shi ya sa mai waƙar daɓe take farawa a hankali. Wanda ya dake ki ba shi ne zai faɗa miki darajarki ba.

Da aka watse, saura Gwaggo Ige, da Kurciya, da Gizo yana lasar tukunya, da Tabawa a ɗakinta. Tabon bai ɓace ba.

Ƙurunƙus kan ɗan ɓera.