Teburin Mai Manja

Akwai wani mutum kafinta, gwani ne, kuma ya san shi gwani ne. In ya haɗa katako biyu, ko gashi ba ya ratsa tsakaninsu. Yana da yaya mai suna Saraya, gwauruwa, wadda ke sayar da manja a kasuwa. Da manjan nan take ci, da shi take ba da baiko a majami'a, ba ta taɓa miƙa wa kowa hannu ba.

Ƙofar ɗakin ajiya na kasuwar ƙarama ce, tebur ba ya shiga sai an raba shi. Saboda haka kafintan ya yi wa yayarsa tebur mai kashi biyu: ƙafafu huɗu haɗe da juna, da allon da ake ɗorawa a kansu. A ƙarƙashin allon ya huda rami huɗu, kan kowace ƙafa ya shige raminsa cif. Duk wanda ya gani sai ya yaba, shi kuwa yabo ba ya gundurarsa.

Ana nan sai idanun Saraya suka fara dushewa. Kowace safiya takan ɗaga allon tana lalube. In rami ɗaya ya dace, ukun sun kauce. Wata rana ta zaci ya zauna, ta jera kwalabenta, allon ya karkata, manja ya malale a ƙasa mutane suna kallo. Ta ji kunya ƙwarai. Da yamma ta je wurin ƙanenta ta ce, “Auta, zo ka ɗauki teburinka. Na gama kasuwa. Zan zauna a gida, wanda ya tuna da ni ya kawo mini.”

Ya ce, “Yaya, teburin ba shi da aibu. Ki dai riƙa saitawa da kyau.”

Ta ce, “Da wane ido?”

Maganar ta soke shi. Ya kwaso teburin zuwa shagonsa, ya ɗaure idanunsa da ƙyalle, ya ɗaga allon. Gwanin gari guda ya yi ta lalube, yana zufa, yana buga gwiwa a katako, allon ya ƙi zama. Sai ya kwance ƙyallen ya ce a ransa, “Ashe mai ido na yi wa tebur. Yayata ba za ta zauna a gida saboda aikin hannuna ba.”

Ya ɗauki magagari ya goge kan kowace ƙafa ya yi masa tsini. Ya buɗe bakin kowane rami kamar mazurari, amma can ciki bai taɓa ba, ya bar shi matsattse yadda yake. Ya sake ɗaure ido ya gwada. Da sauƙi, amma har yanzu sai an nemo huɗun a lokaci guda. Bai karaya ba. Ya cire ƙafa ɗaya, ya sassaƙa wata mai dogon kai, ya zurfafa raminta, domin ita ta riga sauran shiga. In ta shiga, sai a juya allon a kanta a hankali har sauran su faɗa wurarensu da kansu.

Maƙwabcinsa ya leƙo ya ce, “Ka ɓata aiki mai kyau. Dubi bakin ramin nan, kamar na ɗan koyo.” Kafintan ya ci gaba da gugarsa.

Da ya kai mata, sai ya tsaya gefe, ya harɗe hannuwansa don kada ya taimaka. Saraya ta ɗaga allon ta ɗora shi a karkace, kamar yadda ta saba. Doguwar ƙafar ta kama. Ta juya kaɗan, sai allon ya zauna da kansa. Ta girgiza shi da hannu biyu, ko motsi. Sai ta ce, “Auta, miƙo mini kwalaben.”

Ma'anar wannan misali ita ce, 'yan'uwa: teburin nan ikilisiya ce, mu ne ƙafafun da ramukan, Ubangiji kuwa shi ne mai haɗa mu. Mutane ba sa zuwa wurinmu a saice. A karkace suke zuwa, suna lalube, da kunyarsu da tuntuɓensu. Waɗansunmu kuwa gaskiyarmu daidai take, ba kuskure ko kaɗan, amma bakinmu ya matse har ba mai iya shiga sai wanda ya riga ya daidaita. Matar da ta daina zuwa sujada tun ranar da aka gyara mata karatu a gaban jama'a, me muka ce? Cewa muka yi ta dai riƙa kula.

Ku lura, kafintan bai sassauta cikin ramin ba. Da ya yi haka, da tebur ya yi ta rawa, manja ya sake zubewa. Ba a ce mu rage gaskiyar Allah ba. Baki aka ce mu buɗe, mu goge kaifin harshenmu, domin wanda ya zo a karkace ya samu inda zai kama, gaskiyar ta daidaita shi a hankali.

Amma abin da ya fi yi mini nauyi shi ne doguwar ƙafar nan. Huɗu ba sa shiga a lokaci guda, dole ɗaya ta riga. A cikinmu akwai masu zama a benci ɗaya, suna rera waƙa ɗaya, ba sa gaisawa, kowa na jiran ɗan'uwansa ya fara. Ina ganinku daga nan gaba, kuma abin yana damuna. Almasihu bai jira mu daidaita ba kafin ya zo wurinmu. Kai ma ka san wanda kake jira. Yana nan cikin ɗakin nan, kuma ƙofar fita ɗaya ce. In an tashi, kai ka fara miƙa hannu.