Kartar Gidan Baba Barau

Ku gyara zama, ku kife wayoyin nan a kan tabarma. Yau shari'a na kawo muku, kuma ba mai tashi sai ya faɗi nasa hukuncin.

A Malumfashi akwai wani tsohon tela, Baba Barau, mutumin kirki amma mai taurin kai na bugawa a jarida. Tun 'ya'yansa suna ƙanana ya ƙirƙiro musu karta ta gidansa, don kada su je bakin kasuwa su koyo ta caca. Da almakashinsa ya yanka kwalayen sukari, ya zana wa kowanne hoto: wannan damin gero, wannan buhun wake, wannan gishiri, wannan akuya. Guda ɗaya tak ya zana wa gara. Sunan wasan Ɗauki-ka-miƙa. Za a raba wa kowa karta cike da hannu, ka duba ka zaɓi ɗaya ka kife a gabanka, ka miƙa sauran ga na damanka, ka karɓi na wanda ke hagunka. Haka za a yi ta zagayawa har karta ta ƙare, sannan a buɗe a ga rumbun wa ya fi cika. Wanda gara ta ƙare a wurinsa kuwa, ta cinye masa rumbu, ko da ya fi kowa tara gero.

Dokokin gidan ba su da yawa, amma ba a taɓa su. Ba a sa ko kwabo. Ranar Juma'a bayan La'asar ake yi, a tsakar gida. Miƙawa dama ake yi, ba hagu ba. Wanda ya zo na ƙarshe shi zai hura wuta ya dafa wa kowa shayi, yaro ne ko babba. In gardama ta tashi, abin da Baba Barau ya ce shi ne. 'Ya'yansa uku, Tanimu da Gwamma da autansu Nafi'u, sun girma, sun yi aure, sun haifi nasu, amma duk Juma'a sai sun hallara da jikoki.

Sai Allah ya jarrabi tsoho da shanyewar ɓarin jiki. Hannun dama ya mutu, ƙafa ta koma ja, harshe ya yi nauyi. Da aka sallamo shi daga asibiti, 'ya'yan suka ce bari a yi wasa ko zai ɗan saki ransa. Aka sa masa karta a hannun hagu, ya kai na dama zai zaro ɗaya, hannun ya ƙi. Kartar duka ta zube a buɗe a gaban jikokinsa. Tsohon nan ya dafa sandarsa, ya ja ƙafa ya shiga ɗaki, ya juya fuska bango.

Daga ranar ya daina fitowa. A kai masa tuwo, a dawo da shi yadda aka kai. A ce a tafi gashin ƙashi, ya rufe ido. Magana kuwa ko uffan. Likita ya gaya wa 'ya'yan ba ɓoye-ɓoye: ciwon bai kai na kisa ba, amma in ya ci gaba da ƙin abinci da ƙin motsi, kwanciyar ce za ta kai shi kabari. Mutum yana ramewa a gabansu suna kallo. Tsoro ya kama su ƙwarai, kuma lallashi babu irin wanda ba su yi ba.

Gwamma ce ta fara gajiya da lallashin. Ita ta ɗauko halin ubanta, don haka ta san inda yake masa ƙaiƙayi. Wata Juma'a ta sa aka shimfiɗa tabarma daidai ƙofar ɗakinsa, ta tara jikoki, ta raba karta da kanta. Sai ta ɗaga murya yadda har maƙwabta za su ji, ta ce, "Daga yau hagu za a riƙa miƙawa. Kuma wanda ya samu gara shi ya ci wasa, ai gara ma baiwar Allah ce." Yara suka yi ta miƙa karta hagu suna shewa. Aka buɗe, ta ɗaga hannun mai gara ta ce shi ne sarkin noma. Ba ta rufe baki ba aka ji sanda ta bugi ƙyaure. Wata murya mai nauyi ta fito daga ɗakin: "Ƙarya ne!" Kalmar farko ke nan da aka ji daga bakinsa tun ranar da karta ta zube. Sai ga shi a bakin ƙofa, ya rame, yana huci, yana nuna dama da sanda. Gwamma ta durƙusa ta ce, "To Baba, zauna ka gyara mana, mu mun manta." Ya harare ta, ya zauna.

Fitowa dai ya fito, amma hannun da ya kunyata shi yana nan yadda yake. Ya gyara musu doka, aka ce a raba da shi, ya girgiza kai ya fara laluben sandarsa. A nan Tanimu ya shigo. Shi ba mai yawan magana ba ne, in abu ya dame shi kallonsa yake yi har ya ga bakin zaren. Ya ce a dakata. Ya shiga madafa ya kwaso ƙananan ƙore, ya cika kowace da gero, ya soka kartar kowa a ciki tana tsaye, fuskarta na kallon mai ita. Ya ce, "Sabuwar doka. Ba mai riƙe karta a hannu. Ƙwarya za a riƙa turawa, kuma kowa da hagu zai zara, dama tana kan gwiwa. Wanda ya ɗaga dama ya fita." Ku lura, bai ce don Baba ba ne, kowa ya ɗaure. Aka fara, sai ga manyan mutane suna kifar da gero, suna zaro karta biyu a maimakon ɗaya. Tsoho kuwa, da ya ɗan saba da hagunsa a kwance, ya fi su iyawa. Bai ce ya yarda da dokar ba, amma bai ce ƙarya ne ba. Ya ja ƙwaryarsa gabansa.

Kuna tsammanin magana ta ƙare? Ina! Sai suka yi kuskuren masu ƙauna. Duk wanda ya ga gara a ƙwarya sai ya zare ta ya kife a gabansa, don kada ta isa wurin Baba. Duk wanda ya ga gero mai kyau sai ya kau da ido ya bar masa. Juma'a ta zo ya ci wasa, wata ta zo ya ci. Mutumin da ya yanka kartar nan da hannunsa za a yi wa wannan wayon? Ya gane sarai. Fuskarsa ta koma yadda take a ɗaki, abinci kuma sai ya tsakura ya ture. Wata ranar ana tsakiyar wasa ya ce a hankali, "Sadaka kuke ba ni." Ya kai hannu zai kifar da ƙwaryar.

Nafi'u ya riƙe bakinta. Shi auta ne, ya saba faɗa wa uban abin da yayyensa ba sa iyawa. Ya tashi ya koma hagun tsohon, wato shi zai riƙa miƙa masa, ya ce, "Baba, ƙarasa wannan zagayen, wallahi ni ba na ba da sadaka." Aka ci gaba. Karta ta rage biyu a ƙwaryar Nafi'u, gero da gara. Yana kallon idon ubansa ya zare geron, ya tura masa garar. Aka buɗe, Baba Barau ya zo na ƙarshe. Gwamma ta miƙe za ta ɗora shayi, Tanimu ya riga ta kai hannu kan kurfoti. Nafi'u ya ce, "Yaya, ku ajiye. Wa ya kafa dokar shayi? Shi ya faɗi, shi zai dafa." Gwamma ta ce, "Kai Nafi'u, ba ka da kunya?" Tsoho ya dubi autansa, kafaɗunsa suka fara rawa. Suka ɗauka kuka ne, ashe dariya ce. Aka kawo masa gawayi da mafici, ya yi ta fifita da hagu yana tari, ya dafa wani shayi da ba a taɓa shan mai muninsa a gidan ba. Ya sa burodi ya shanye nasa, ya nemi ƙari. Da gari ya waye shi ya aika a kira Nafi'u, ya ce a kai shi gashin ƙashi, yana son hannunsa ya dawo don ya koya wa wani marar kunya hankali.

Kafin a gama girbi tsoho ya murmure. Kumatu suka ciko, harshe ya saki, hannun dama yana rawa amma yana riƙe cokali. Likita ya ce ya ƙetare. Gida ya yi ajiyar zuciya, Gwamma ta yi kukanta na farin ciki a bayan ɗaki inda ba zai gani ba. Dokar ƙwarya ta zauna, domin ƙananan jikoki ma da hannunsu bai kai riƙe karta ba sun samu shiga. Wasan miƙawa hagu na Gwamma kuwa ya yarda a riƙa yinsa ranar Sallah kaɗai, yana gefe yana tsaki.

Sai wata Juma'a ya ce ya gaji da raba gardama. Zai zauna ya yi wasa kamar kowa, alƙalanci kuma zai miƙa shi ga ɗaya daga cikin ukun, wanda ya dawo da shi cikin mutane. Maganar wannan za ta zama ta ƙarshe a kan kowace doka. Ya dube su ɗaya bayan ɗaya, ya buɗe baki, ya kasa kiran suna.

Ga yadda abin yake. Da Gwamma ba ta karya dokarsa da gangan ba, da yana ɗaki har yanzu, ko ma ba ya duniyar. Da Tanimu bai kawo ƙwaryar gero ba, da ya fito ya koma a ranar. Da Nafi'u bai tura masa gara ba, da tausayi ya mayar da shi inda ciwo ya ajiye shi. Ɗaya ta yi masa ƙarya a ƙofar ɗakinsa, ɗaya ya kafa doka a gidan da ba shi ke kafawa ba, ɗaya ya sa ubansa marar lafiya hura wuta. Kada wani ya ce mini a raba musu, alƙali ɗaya ake yi wa wasa.

To, ku da kuke zaune, wa za a ba?